Hoton da Ya Tara wa Baba Boukari Jana'iza

Ƙanena Nasrullah fita ne, wato makanike, a Magazin ɗin Suame, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, wayoyin mota yake gyarawa. In motarka ta ƙi tashi, ko fitilunta suka riƙa ƙifce-ƙifce ba dalili, shi ake kira. Amma shigo zongo, unguwarmu ta Hausawa, ka tambayi Nasru mai waya, sai mutane su yi ta kallon juna. Ce Nasru mai kango, yanzun nan a raka ka har ƙofar gidanmu a Aboabo. Ni ce yayarsa Barkisu, mai koko da ƙosai a bakin masallacin layinmu. Ni na goya shi, ni na share masa majina, saboda haka in na faɗi halinsa ba gulma na yi ba.

Tun yana ɗan mitsitsi haka yake. Tsararsa suna bin ƙwallo a bakin kwata, shi yana can ya ɗafe tagar gidan da aka kulle yana leƙe. Mma, mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta sha zane shi a kan haka, bai daina ba. Da ya tasa mahaifinmu ya kai shi Magazin koyon aiki, muka ce to, ƙarfe da baƙin mai za su cire masa wannan taɓin. Ya koyi aikin kuwa har ya gwanance, ya yi aure, matarsa Hikima ta haifa masa 'yan mata biyu. Mutum ne shiru-shiru, ba ya faɗa da kowa. Ni ce mai bakin gidan.

Abin ya dawo ne ta hannun wani boga, irin 'yan uwanmu da ke dawowa daga Italiya da sarƙa a wuya. Nasru ya gyara masa motar da ta gagari fitoci, mutumin ya ji daɗi ya ciro kyamara daga jaka ya ba shi kyauta. Ranar har guɗa na yi. Na ce alhamdu lillahi, ga sana'a ta biyu ta samu, ga suna, ga aure, ga saukar karatu, a zongo ai ba a rasa taro. Ina! Wallahi har yau yaron nan bai ɗauki amarya ko ɗaya ba. Bango yake ɗauka, bangon ma wanda ya tsage.

Ran Lahadi aiki ba ya yawa a Magazin. Da ya idar da sallar asuba sai ya rataya kyamara, ya sa takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki, ya ɗauki wani guntun rodi, ya fice. Ba inda bai shiga ba a Kumasi. Tsofaffin gidajen silima da aka mayar coci, cocin ma ta tashi ta bar su. Rumbunan kayan jirgin ƙasa na bayan Adum. Kantunan kwarori na da, waɗanda bishiya ta tsiro ta cikin tagoginsu. Benayen da mutane suka fara daga Turai, mutuwa ta riga su dawowa, aka bar rodi tsaye yana tsatsa. In ya isa ƙofa sai ya tsaya ya yi sallama, ko da ya san ba kowa sai jemagu. Da rodin nan yake ƙwanƙwasa daɓe da matakala kafin ya ɗora ƙafa. Ba ya ɗaukar ko ƙusa, ba ya matsar da ko kujera, yadda ya tarar da wuri haka yake barinsa.

Mun sha yi da shi. Na ce, “Nasru, kango gidan aljanu ne da 'yan wiwi. Wata rana ko a buge ka ko a sare ka, ka zaɓa.”

Sai ya yi murmushin nan nasa mai ba ni haushi. “Yaya, mutane ne fa suka zauna a wuraren nan. An haifi wani, an yi wa wata lalle. Gobe katafila za ta zo a yi shaguna, ba wanda zai tuna da an taɓa yi.”

“To kai ne aka ɗora wa tunawa?”

Sai ya rataya kyamararsa ya fice. Hikima kuwa nata kukan wanki ne, wai duk Litinin hannunta warin kashin jemage yake yi. In ya dawo sai ya zauna a tsakar gida ya tura hotunan cikin waya, ya cire musu kala su koma baƙi da fari irin na zamanin iyayenmu, ya ɗora a sitatus ɗinsa na Watsap. Wai kala surutu gare ta, ba ta barin mutum ya ga tsagewar bango. Shekaru yana ɗorawa, ba mai ce masa ci kanka. Wa zai tsaya kallon ƙofar da gara ta cinye?

A irin wannan yawon ne wata Lahadi ya yi sallama a wani kango, aka amsa masa. Ya ce mini saura kaɗan ya yar da kyamarar.

Gidan goro ne na wani attajiri, Alhaji Kassim, can bayan layin dogo. A da nan fatake ke sauka, a ɗaure musu huhun goro a loda zuwa Arewa. Alhajin ya rasu tun ina budurwa, magada suka watsu, wasu Kano, wasu Accra, wasu Jamus. Wannan ya ce a sayar, wancan ya ce sai bayan ransa, aka bar gida yana zuba. Wanda ya amsa sallamar shi ne Baba Boukari, mutumin Moshi ne daga ƙasar Burkina. Ya zo Kumasi yana saurayi, ya yi dakon goro har wuyansa ya gaji, Alhaji ya mai da shi maigadi. Da gidan ya watse ba wanda ya ce masa gadi ya ƙare, shi kuma bai tambaya ba. Ya ci gaba da zama a wani ɗan ɗaki can ƙurya, ƙarƙashin barandar katako ta bene, yana share tsakar gidan da ba mai takawa.

Duk zongo an san fuskarsa. Dogon tsoho ne mai tsage a kumatu, a da ba ya fashin Juma'a, kullum yana sahun baya kusa da takalma. Da ƙafa ta fara ba shi wahala sai ya rage fitowa, mu kuma ba mu lura ba. Ba mata, ba ɗa, ba ɗan uwa da aka sani.

Daga ranar Nasru ya mai da gidan goro zangonsa na farko duk Lahadi. Ni nake zuba masa koko a kula da ƙosai masu zafi ya kai masa, wani lokaci da garin rogo da sukari na sauran mako. Su zauna a zaure, tsohon yana ba shi labarin wane ɗaki ne na fataken Katsina, wane ne na Zabarmawa. Shi Baba “mai foto” yake ce masa. Ni kuwa abin yana cina a rai, kuma na faɗa. Na ce, “Tsohon nan daga Lahadi sai Lahadi ake ganinsa. In ya faɗi ran Litinin fa? Gidan da kai kanka sai ka ƙwanƙwasa kafin ka taka?” Nasru ya ce ya yi masa maganar tashi har ya gaji. Baba cewa yake yi amana aka ba shi, wanda ya ba shi kuma bai zo ya karɓa ba.

Bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba. Sai wata rana, shi da kansa ya shiga ɗaki ya sako farar rigarsa ta Juma'a da jar dara, ya ɗauko carbi, ya zauna a kan wani tsohon sikelin goro a bakin zaure, ya miƙe baya. Ya ce, “Mai foto, kama ni. Kama da gida duka.” Nasru ya ɗauka, ya ajiye hoton a waya.

Ana tsakiyar ruwan ƙarshen damina, irin wanda yake cika kwatocin Aboabo har ya shigo ɗaki, sai mastan su Nasru, wato ubangidansu na aiki, ya tura shi gyaran wata tirela da ta mutu a daji bayan Kintampo. Kafin ya tafi ya kai wa Baba gari da sukari da kifin gwangwani, hankalinsa kwance. An ce aikin yini ne. Sai ya zama ana jiran kaya daga Kumasi, kayan suka zo ba su dace ba, aka sake aikowa. Lahadi ta zo ta wuce yana kwance ƙarƙashin tirela. Da zaman jira ya ishe shi, wani yammaci ya buɗe waya, ya ci karo da hoton Baba, ya cire masa kala kamar yadda ya saba yi wa kowane hoto, ya ɗora ba tare da ya rubuta ko harafi ba. Can ba da jimawa ba cajin wayar ya ƙare.

To mu a zongo, hoton mutum in an cire masa kala an ɗora, magana ɗaya yake faɗa. Ba sai an rubuta komai ba. In ka ga fuskar dattijo baƙi da fari a sitatus, ga hula, ga carbi, sai dai ka ce inna lillahi ka nemi sanin lokacin jana'iza. Nasru ya san haka sarai, a zongo aka haife shi. Amma shekara da shekaru bango da taga yake ɗorawa, hannu ya saba, bai kawo komai a ransa ba.

Hajiya Humu ce ta fara gani. Maƙwabciyarmu ce, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, mutuniyar kirki, amma wayarta ba ta hutawa. Bayan asuba ta buɗe ta gani, ta yi salati, ta ɗauki hoton ta tura gurup ɗin matan unguwa da “Allah ya ji ƙan Baba maigadi.” Kafin in gama soya kaskon farko ya zagaya Asawase da Sabon Zongo ya dawo. A hanya ya yi 'ya'ya. Wani ya ƙara da cewa jiya ya cika, wani ya ce bayan gajeruwar rashin lafiya, wani ya yanke cewa jana'iza bayan azahar. Da ya iso wayata na ajiye ludayi na zauna a kan benci na yi kuka sosai. Abin da nake tsoro ke nan, ga shi ya faru. Ko kusa ban yi tunanin daga ina hoton ya fito ba.

Ka san mu da gawar baƙo. Wanda ba shi da kowa, kowa nasa ne ranar, don ladan ba kaɗan ba ne. Malam Alidu, ladaninmu, wanda kuma shi ke wankan gawar maza, ya hau lasifika ya sanar. Samari suka ɗauki diga da shebur suka nufi maƙabartar Tafo. Wani tela ya yanko alawayyo na likkafani, wani ya kawo turare da sabulu, aka fito da makara daga bayan masallaci aka kakkaɓe. Masu shago suka ja ƙofa. Mata suka fara jera benci. Dattawan da suka yi cinikin goro a da, waɗanda wasunsu sai an riƙe su, duk suka fito.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Nasru ne, yana cikin mota ya kusa shigowa gari, ya sami caji a wajen direba.

“Yaya, da gaske ne? Saƙo ya cika mini waya. Baba ya rasu?”

“Haka muka wayi gari da shi. Yi haƙuri, Nasru.”

“Ban zo Lahadi ba, Yaya. Ban zo ba.” Sai ya fashe da kuka, babban mutum, a cikin motar haya.

Ya sauka bai ko biya gida ba, da kayan aikinsa baƙi ƙirin ya iso ƙofar masallaci. Ya tarar da taron da ko na wani alhajin bai kai ba. Malam Alidu yana tsaye da igiya a hannu. Al'ada ce sai an auna tsawon mamaci an aika wa masu haƙa kafin su ƙarasa rami, kuma samarin sun bugo suna jira. Malam yana ta tambaya, “Wai gawar tana ina ne? Tana gidan goron ko an kai asibiti? Wa ke tare da ita?” Wannan ya nuna wancan, wancan ya ce shi a gurup ya gani. Aka bi magana daga waya zuwa waya har ta tsaya a kan Hajiya Humu.

Hajiya ta gyara mayafi, ta ga Nasru, ta ce, “Yauwa, ga mai maganar nan. Ai a wajenka na gani, ɗana. Kai ka ɗora.” Ta miƙa masa wayar.

Ina kusa da shi. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya dubi hoton, ya dubi makara, ya dubi Malam.

“Malam,” ya ce da ƙyar, “wannan hoto ne kawai. Tun kwanaki na ɗauka. Ni ban ce ya rasu ba.”

Sai wurin ya barke. “Kai wane irin mutum ne?” “Mun rufe shaguna!” “Mai rai ake cire wa kala?” Wani dattijo har ya ɗaga sanda. Ni kaina na buɗe baki zan wanke shi tas, don raina ya ɓaci paa, ba kaɗan ba. Sai wani tunani ya faɗo mini. Na ɗaga murya na ce, “Ku dakata! To in bai mutu ba, wa ya gan shi? A duk taron nan, wa ya sa shi a ido makon nan?”

Ashe ba wanda ya gan shi. Ga ruwan da aka kwana biyu ana tafkawa, ga gidan kowa ya san halinsa.

Nasru ne ya fara gudu. Muka bi shi gaba ɗaya, maza da mata. Masu makara ba su san abin da ake ciki ba, suka ga an tashi, su ma suka saɓa ta suka biyo baya. Malam Alidu da alawayyo a hammata yana haki. Ni da zanen suya da warin mai, ina gudu ina addu'a, Allah kada ƙaryar nan ta zama gaskiya. Muka tsallaka layin dogo, Asantawa masu kanti suna leƙowa suna tambayar wane babban mutum ne ya mutu.

Wannan ce shigata gidan goro ta farko. Ciyawa har gwiwa, ɗakuna a jere ba ƙofofi, wari irin na tsohuwar rijiya. Muna zagayawa baya Nasru ya yi wata ƙara. Barandar benen ta rufto gaba ɗaya. Katako da kwanon rufi da bulo sun taru tuli a bakin ɗakin Baba, ƙofar ko ganinta ba a yi sai samanta. Tagar ɗakin kuma ƙarafa ne, don ɗakin ajiya ne a da.

“Baba! Baba Boukari! Mai foto ne!”

Shiru. Mata suka fara salati ƙasa-ƙasa. Malam ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru don Allah. Aka yi shiru, ba ka jin komai sai injin niƙa can bakin kasuwa. Sai muka ji shi. Ƙwas. Aka jima. Ƙwas. Ƙarar cokali a jikin kwano.

Wayyo, abin da na ji a ƙirjina ba ya faɗuwa. Malam Alidu ya ciro waya ya kira samarin Tafo. “Ku bar ramin nan haka. Ku zo da digar da shebur ɗin gidan goro, yanzu yanzu!” Kafin su iso maza sun fara janye kwano da hannu, Nasru yana hana su taɓa wani ginshiƙi da sauran benen ya jingina a kai. Samarin suka iso a aboboya, babur ɗin nan mai ɗaukar kaya, jikinsu duk jar ƙasar maƙabarta. Da kayan da suka haƙa masa kabari suka haƙo shi.

Da ƙofar ta buɗe, yana kwance a tabarma, ya zama ƙashi da fata, leɓɓansa sun tsage, jikinsa zafi kamar kaskona. Ya ajiye kwano inda rufi ke yoyo, ruwan da ya riƙa sha ke nan. Tun daren da aka yi babban ruwa yake ciki. Ya yi kira har murya ta tafi, ya koma buga cokali, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi. Nasru ya durƙusa ya tallafo kansa, yana kuka yana dariya. Wani ya ce a kawo makara a ɗauke shi. Na ce duk wanda ya kusanto da makarar nan sai na fasa masa kai, mai rai ne. Aka ciro wata tsohuwar ƙofa aka ɗora shi a kai.

Da aka fito da shi haske, ya buɗe ido da ƙyar. Ya ga tsakar gidan da ya shekara yana sharewa shi kaɗai ta cika maƙil har zaure. Ya ga makara a jingine, ya ga farin ƙyalle a hannun Malam. Ya motsa baki, Nasru ya kai kunne, sannan ya ɗago yana share ido.

“Wai tambaya yake yi, wa ya mutu?”

Malam Alidu ya sunkuya ya kama hannunsa. “Kai ne, Baba. Amma an fasa.”

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mutane suna dariya suna hawaye suna kabbara. Matan da suke waje ba su san abin da ya faru ba, suka ga an fito da mutum a miƙe suka ɗauki salati, sai ya ɗaga hannu yana gaishe su. Wata ta zura da gudu ta bar takalminta a nan, sai washegari ta aiko a ɗauko mata.

A aboboyar aka kai shi asibiti, aka sa masa ruwa. Nas ɗin ta ce da ya ƙara kwana a ɗakin nan, da ramin bai tashi a banza ba. Ramin ma dai bai daɗe a buɗe ba, wata tsohuwa ta rasu a Asawase aka sa ta, Allah ya ji ƙanta. Dattawa suka kira Nasru bayan la'asar suka wanke shi, ya durƙusa ya ba da haƙuri, aka kafa masa doka: bango ya cire masa kala yadda ya ga dama, amma mai numfashi a bar shi da kalarsa. Hajiya Humu kuwa har yau a Kejetia cewa take yi ita ta ceci tsohon, kuma ni ban iya cewa ƙarya take yi ba. Nasru yana nan yana yawonsa na Lahadi. Na daina yi masa maganar aljanu, amma ban daina faɗa ba.

Da aka sallamo Baba bai yi gardama ba. Ɗakinsa ya riga ya rushe, ba abin da ya rage a yi gadi. Muka gyara masa ɗakin marigayi mahaifinmu da ke bakin zaure. Ranar da ya tare, Malam Alidu ya zo duba shi bayan azahar, ni da Nasru muna zaune. Baba ya jingina da bango, sannan ya ce da ni, “'Yata, faɗa mini gaskiya. Duk mutanen nan, don ni suka zo?”

“Don kai, Baba.”

“Su wa da wa?”

Na fara lissafa masa. Liman da na'ibinsa. 'Yan goron da. Mahautan bakin kasuwa. Fitocin Magazin da suka ajiye aiki. Matan layinmu kaf. Ina faɗa yana gyaɗa kai, wani sunan ya maimaita shi a hankali.

“Rami fa? An haƙa da gaske? A Tafo, cikin Musulmi?”

Malam ya ce, “An haƙa, Baba. Ni da kaina zan yi maka wanka, sabulu da turare duk an kawo.”

Sai tsohon ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Muka bar shi ya yi. Da ya sauke hannu ya ce, da Hausarsa ta Moshi, “Ni ba tsoron mutuwa. Shekara da yawa ni ba barci. Ina tunani, in na mutu a ɗaki, ba wanda ya sani. Sai wari. Sai motar gwamnati ya zo ya kwashe ni kamar shara, ba wanka, ba salla. Ƙasata nisa, ba kowa nawa.” Ya numfasa. “Yanzu na gani da idona.”

Nasru ya tashi ya fita, na ji shi yana fyace hanci a zaure.

Baba ya dubi Malam. “Ƙyallen nan. Yana ina?”

“Yana masallaci a ajiye.”

“Nawa ne?”

“Da sunanka aka yanka.”

“To a ba ni.”

Malam ya je da kansa ya ɗauko. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya shafa shi, ya sansana, ya ninke shi da kyau ya sa ƙarƙashin matashinsa. Ya yi bisimilla ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Kafin in gama kwashe kwanuka har ya fara minshari, da rana tsaka. Na ja masa ƙofa a hankali, na fita tsakar gida na ce wa 'yan matan Hikima duk wadda ta yi mini ihu a gidan nan yau sai ta gane kurenta.